Sallamar Da Ban Yi Wa Fanna Ba

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin jinya, akwai wata Laraba da har yau ta ƙi fita daga raina. Ita ce ranar da wata mara lafiyata ta kusa rasa ranta a bakin ƙofar wani ƙaramin asibiti a Zabarmari, saboda kalma biyu da na faɗa mata mako guda kafin nan. Ba kuskuren magani na yi ba, ba kuma allura ba. "Sai Talata" kawai na ce.

Sunana Rifkatu, mutuniyar kudancin Borno ce ni, daga wajen Biu, amma a Maiduguri na yi duk aikina har na yi ritaya. A lokacin ina babbar jami'ar jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, wato mataki ɗaya ƙasa da metiron, shugabar ma'aikatan jinya. Ku da kuka shigo aikin yanzu kun tarar da abubuwa a tsare, har kuna mita in fanka ta tsaya. Mu a shekarun rikicin nan kujerar zama ma sai an yi rabo. Talata ita ce ranar masu zuwa daga gida. Mutum zai karɓi katinsa, a auna masa jini da nauyi, ya ga likita, sannan in likita ya ga da buƙata ya turo shi wani ɗan ɗaki da muke kira ɗakin hira. Kujera biyu ne a ciki da tebur, ana ba kowa rabin awa. Ni ce mai wannan ɗakin.

A wancan lokacin duk wanda ya zo ba ya barci, ko yana yawan kuka, ko yana faɗa da mutane, kafin ya gama zama mun riga mun yanke cewa firgicin rikici ne. Kuma galibi hakan ne. Shi ya sa da aka kawo Fanna, mace mai shekara talatin da 'yan kai, mai ɗinkin hula a unguwar Gamboru, bayan ta ji wa kanta rauni, na ɗauki biro zan rubuta abin da na saba. Yayanta Modu, wanda yake sayar da hulunan da take ɗinkawa a Kasuwar Litinin, shi ya tsayar da ni.

Ya ce, "Sista, wallahi tun kafin a ji ƙarar bindiga a garin nan haka take. Yau ta so ka kamar ta haɗiye ka, gobe ta ce kai ne babban maƙiyinta. Mun je wajen malamai, an yi ruƙiyya, an ce ba kowa a jikinta. Dangi sun ce rashin kunya ce kawai. Ni dai na san ƙanwata, ba daɗi take ji ba."

Likitanmu, Dakta Aji, mutum ne mai magana a hankali kamar ana sayar masa da kalmomin. Sai da ya gan ta sau huɗu kafin ya kira ni ofishinsa. Ya ce wannan ba hauka ba ce, ba iskoki ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Da Turanci bodalayin suke ce masa, mu kuwa ba mu da suna guda da za mu kira shi. Ya ce in ɗauka risho ne da abin rage wutarsa ya lalace: ko ya mutu, ko ya tashi gaba ɗaya. Farin ciki, fushi, kunya, duk haka suke zuwar mata, kuma suna daɗewa kafin su sauka. A ƙarƙashin duk wannan akwai tsoro guda, tsoron kada a tafi a bar ta. Ya ce ƙwaya ba ta warkar da shi, sai dai ta rage wani abu a gefe. Babban maganin shi ne zama da mutum a kai a kai, a koya masa yadda zai riƙe kansa in wutar ta tashi, kuma mai koyarwar ya zama wanda maganarsa ba ta canzawa.

Na ce, "Na gane, ranka ya daɗe." Ashe rabin farko kawai na ji.

Fanna ta fi likita iya bayanin abin. Wata rana ta ce mini, da Hausarta mai gardin Barebari, "In mutum ya juya baya zai fita, ko ruwa zai ɗebo, sai in ji kamar an kwashe ƙasar da nake tsaye a kai. Na san zai dawo, kaina ya sani, amma cikina bai yarda ba. In kuma na zauna ni kaɗai, ban san ko ni wace ce ba. Sai in ji ba kowa a cikin rigar."

Wata takwas muka yi, kowace Talata. Na ba ta littafin rubutu tana sa abin da ya tayar mata da hankali cikin mako, mu zauna mu bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ta daina ce mini Sista, ta koma Ya Rifkatu, yadda suke girmama na gaba da su. Tana kawo mini turaren wuta, har ta tambayi girman kan maigidana ta fara ɗinka masa hula. Ranar da na makara da minti goma saboda binciken kan hanya, ta ce dama ta san na gaji da ita, ta fita ta buga ƙofa. Mako na gaba ta dawo tana cewa a duniya ba ta da kamata. In an ce wata ma'aikaciya ta gan ta, sai ta ƙi, ta ce ni ko ba kowa. Zan faɗa muku gaskiya tunda na tsufa, kunyar ta ragu: abin yana yi mini daɗi. Ina shiga ɗakin shan shayi ina cewa, "Fanna ai sai ni." Abokan aiki suna tsokanata da uwar Fanna, ni kuwa ina ƙara gyara ɗaurin ɗankwali.

Ana nan sai takarda ta zo. An tura ni Zabarmari na mako shida, in taimaka a wani ƙaramin asibiti da mutanen ƙauyuka suka cika bayan sun gudo. Irin wannan turawar ba a musu da ita, sunanka ya fito, ka haɗa jaka. Zan kwana can, kuma layin waya a wajen sai an yi sa'a. Na je wajen metiron ɗinmu, Hajiya Yagana, na ce ya za mu yi da Fanna.

Ta ce, "Kada ki faɗa mata. Kin san halinta, za ta tayar mana da sashe. Ki sulale kawai, in ta zo Sista Bintu ta lallashe ta. Mako shida kamar yau ne."

Ban yi gardama ba, domin ni ma abin da ke raina ke nan. Haka aka rene mu, Musulminmu da Kiristanmu. Uwa in za ta kasuwa ba ta yi wa ɗanta sallama, sai ta ce a ɗauke masa hankali ta bi ta bayan gida. Mara lafiya ba a gaya masa abin da zai ɓata masa rai. Muna kiran wannan tausayi, kuma da zuciya ɗaya muke yi. Ban gaya wa Dakta Aji ba, don a ganina wannan ba maganar likita ba ce.

Talatar ƙarshe hirarmu ta yi kyau ƙwarai. Ta yi mako uku ba ta ji wa kanta ciwo ba, tana ta murna. Da ta tashi tafiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ya Rifkatu, sai Talata?"

Jakata tana gida a ɗaure. Na dube ta na ce, "Sai Talata."

Abin da ya faru Talatar da ta biyo baya, daga baya Bintu ta ba ni labari. Bintu ƙaramar ma'aikaciya ce a lokacin, shekararta biyu da fara aiki. Fanna ta shigo ta gan ta a kujerata. Bintu ta ce na ɗan fita. Fanna ta zauna jira har azahar. Da ta gaji ta je wajen mai ba da kati, shi kuma bai san da wani shiri ba, ya ce, "Sista Rifkatu? Ai an mayar da ita Zabarmari tun makon jiya." Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta yayyaga katinta a gabansa, ta tattara guntayen ta tafi da su.

Washegari Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina cikin ba wata tsohuwa magani sai na ji hayaniya a waje. Ga wanda bai zauna a nan a shekarun ba, sai na yi bayani. Lokacin ana yawan tura mata da abin fashewa a jikinsu, don haka kowace ƙofa akwai igiya da aka ja daga nesa. A nan za ka tsaya, ka buɗe kayanka, mace ta ɗaga mayafi wata mace ta duba ta, sannan a ce ka wuce. Wanda ya tsallake igiya ba izini, kowa ya san abin da ake zato. Masu gadinmu 'yan sa-kai ne, shugabansu wani dattijon maharbi, Ba Kura.

Na ji ana "Tsaya! Tsaya!" da Hausa da Barbarci. Sai na ji sunana, tsirara, ba Ya ba Sista. "Rifkatu! Fito!"

Da na fito, matan da ke layi duk sun watse, takalma ne kawai a ƙasa. Fanna ta riga ta tsallake igiya, tana tahowa kai tsaye, hannayenta biyu a cikin hijabi ta rungume wani ƙunshi a ƙirji. Bindigogi uku suna kallonta. Ita ko ganinsu ba ta yi, ƙofar da na fito take kallo.

Ba Kura ya ce, "Sista, koma ciki!"

Na ce, "Baba, kada ku harba, na san ta. Mara lafiyata ce."

Ya ce, "Kin san abin da ke cikin mayafinta?"

Ban sani ba. Wata takwas ina alfahari da cewa ba wanda ya san Fanna kamata, amma a wannan lokacin ba zan iya rantsuwa ba. Na tsorata, har na ji kunyar tsoron nawa. Duk dabarun lallashi da na koya suka gudu daga kaina. Abu ɗaya ya rage mini, shi na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Fanna, ƙarya na yi miki! Na san zan tafi na ce miki sai Talata. Ba ki yi mini komai ba, laifina ne. Don Allah ki tsaya inda kike, ga ni, ba inda za ni."

Na zauna a ƙasa da fararen kayana. Ta ƙara taku ɗaya ta tsaya. Sai ta zaro ƙunshin ta wurgo mini, masu gadi suka kwanta rub da ciki. Ɗankwali ne aka ɗaure, ya kwance a tsakaninmu. Littafin rubutun da na ba ta ne, da guntayen katinta, da hular maigidana wadda ta bi da almakashi ta yanka gida huɗu. Ta zo ne ta dawo mini da kayana.

Ba Kura ya tashi yana kakkaɓe riga. Ya ce, "'Yata, da ta ƙara taku uku, da yau na ɗauki alhakin da zan mutu da shi." Ya juya ya shiga rumfarsu, bai sake fitowa ba sai la'asar.

Bayan an duba ta, muka zauna ƙarƙashin wata darbejiya a bayan asibitin, daga can ana hango fadamun shinkafa. Ta daɗe tana kuka. Da ta sami numfashi ta ce, "Tun jiya nake bin littafin nan shafi shafi, ina neman abin da na faɗa da ya kore ki. Na ce ko ranar da na buga ƙofa ce. Na ce ko turaren ne bai yi miki ba."

Na ce tsoro na ji kada ranta ya ɓaci.

Ta ce, "Da kin faɗa mini, da na yi kuka, da na zage ki, ƙila ma in ce kada ki dawo. Amma da na san ranar da zan ƙirga. Yanzu in kin ce sai Talata, ta yaya zan san wace iri ce?"

Da rana tsaka aka samo Modu, ya zo ya tafi da ita kafin a rufe hanya.

Ƙa'ida ce in irin wannan ta faru a rubuta rahoto, a kuma zauna da likita da metiron. Ranar Asabar na shigo gari muka zauna. Hajiya Yagana, Allah ya ba ta lada, ba ta bar ni ni kaɗai ba, ta ce ita ta ba da shawarar, kuma don tausayi muka yi.

Dakta Aji ya cire tabarau ya ce, "Tausayin wa, Hajiya? Nata, ko naku da ba ku son ganin kukanta?"

Raina ya ɓaci sosai, har na kwana biyu ina gaishe shi a daƙile. Amma gaskiya ya faɗa. Ya ƙara da cewa kuskuren ya girmi ranar sallamar, tun ranar da na yarda Fanna sai ni aka fara shi. Mai tsoron a bar shi, in ka zame masa igiya ɗaya tak, ba gata ka yi masa ba, domin kai ma mutum ne, za a tura ka wani wuri, za ka yi zazzaɓi, wata rana za ka yi ritaya.

Daga nan muka canza tsari, kuma shi ne wanda kuka tarar kuna tsammanin daga sama ya faɗo. Duk mai irin wannan larura ma'aikata biyu ne suke ganinsa, ya saba da kowannensu. In ɗaya zai yi tafiya, ya faɗa da bakinsa tun da wuri, a rubuta ranar tafiya da ranar dawowa a bayan kati. In ba ka san ranar dawowa ba, ka ce ba ka sani ba. Kyauta kuma an taƙaita ta, na koyi cewa na gode, ki kai wa Modu ya sayar.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya miƙe. Fanna ta yi wata biyu ba ta taka asibiti ba, Bintu ce ta riƙa bin ta Gamboru har ta dawo. Bayan ta dawo ma, sau uku tana korata daga aiki, ta ce ba ta son sake ganin fuskata, Talata ta zagayo in gan ta a layi. Ta sake ji wa kanta rauni sau ɗaya. Amma a hankali ta tara 'yan dabarunta. In wutar ta tashi, sai ta wanke fuska da ruwan randa, ta ɗauki hula ta yi layi goma na ɗinki kafin ta buɗe baki. Ta kafa wa kanta doka, ni ban koya mata ba: duk hukuncin da ta yanke cikin fushi, na rabuwa da wani ko na barin gida, sai salla biyu sun wuce kafin ta aikata. Ta ce yawanci kafin ta biyun abin ya zama ƙarami. Modu shi ma ya koyi nasa. In zai je Kano sayen zare ba ya sulalewa da asuba kamar da, sai ya zaunar da ita ya ce ranar kaza zan dawo, ya jure abin da za ta faɗa. A duk shekarun da na san ta, ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ta taɓa wani ba. Mutane suna jin tsoronta, alhali ita ce ta fi kowa tsorata.

Da lokacin ritayata ya matso, saura wata uku na gaya mata. Ta ce dama ta sani, duk haka muke. Ta yi mako biyu sai Bintu kawai take yarda ta gani. Sannan ta dawo, muka rubuta sauran Talatun a bayan katinta, kowane mako ta soke ɗaya da hannunta. Wani makon mu yi dariya, wani makon ta zauna rabin awa ba ta ce mini uffan ba, ni ma in zauna.

Ranar ƙarshe ta zo da hula sabuwa, ta ce wannan ba ta sayarwa ba ce, kuma in na ce a kai wa Modu za mu ɓata. Na karya dokar da kaina na karɓa. Lokaci ya cika ta tashi, ta kai bakin ƙofa ta juyo, daidai inda ta tsaya a wancan karon.

"Ya Rifkatu, sai Talata?"

Wallahi kalma biyun nan sun zo har kan harshena, don sun fi sauƙi. Na haɗiye su. Na ce, "A'a, Fanna. Ba na nan Talata, ba kuma zan dawo ɗakin nan ba. Bintu tana nan ƙarfe goma."

Hawaye suka zubo mata, ni ma nawa suka zubo. Ta share da gefen hijabi ta ce, "Na sani. So nake in ji ko za ki faɗa."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, kuma a makare na koye shi. Mu mutanen nan mun iya tausayi, amma sau da yawa tausayinmu na guje wa kukan mutum ne, ba na zama da shi har ya gama ba. Mai irin larurar Fanna zai iya ɗaukar magana mai zafi, ko da zai yi ihu kafin ya ɗauka. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne ya rasa wace maganarka ce ta gaskiya. Don haka in za ku tafi, ku yi sallama, ku tsaya a yi muku kukan a gabanku.

Talatar da ta biyo bayan ritayata ina gida ina tsince shinkafa, hankalina yana kan agogo. Ƙarfe goma da rabi Bintu ta kira ni, ita ce mai ɗakin hira yanzu. Ta ce, "Mama, ta zo. Ta ce kujerar ba ta yi mini kyau ba, amma ta zauna."